Darussan Kokowa Ga Mai Son Sayen Hannun Jari

Mai karatu, idan kaka ta yi aka ɗaure damman gero aka kai rumbu, kiɗan kokowa yakan tashi a ƙauyukan Tagriss da sauran yankin Dakoro. Idan kuma lokacin gasar takobi ta ƙasa ya zo, za ka tarar da mutane sun kewaye rediyo ko talabijin, kowa yana goyon bayan ƴan jaharsa. Kusan babu wanda bai san dokokin wannan wasa ba, har yara da tsofaffi.

Kasuwar hannun jari kuwa baƙuwa ce ga yawancinmu. Amma labarinta ya fara isowa karkara ta wayar salula da ta bakin ƴan ci-rani, kuma ba duk abin da ake faɗa ne gaskiya ba. Wannan bayani zai yi amfani da abin da ka riga ka sani game da kokowa domin ka fahimci yadda kasuwar take, da yadda mutum zai shiga ba tare da ya yi asarar guminsa ba. Maganar ta shafi maza da mata baki ɗaya.

Mene ne hannun jari?

A ce mutum goma a ƙauyenku sun haɗa kuɗi sun sayi injin niƙa. Kowa ya kawo jaka ɗari, watau sefa 100,000. Injin ya zama nasu su goma, kowa yana da kashi ɗaya. Wannan kashi shi ne hannun jari. A ƙarshen shekara za a cire kuɗin mai da gyara da ladan mai niƙa, abin da ya rage a raba goma. Idan ɗayansu ya bukaci kuɗi, yana iya sayar da kashinsa ga wani.

Haka manyan kamfanoni suke yi, sai dai su suna raba mallakarsu kashi dubbai ko miliyoyi. Duk wanda ya sayi kashi ɗaya ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin. Yana iya samun amfani ta hanya biyu:

1. Rabon riba. Idan kamfani ya ci riba, kuma taron masu hannun jari ya amince a raba, kowa zai samu gwargwadon yawan hannayensa. Yawanci sau ɗaya ake yi a shekara.

2. Tashin farashi. Idan ka saya da araha, daga baya farashi ya hau, ka sayar, bambancin naka ne.

Ta waɗannan hanyoyi biyu kuma ake yin asara. Kamfani yana iya shekara bai ci riba ba, ba a raba komai ba. Farashi yana iya sauka ƙasa da yadda ka saya. Babu wanda zai lamunce maka uwar kuɗinka.

Ina kasuwar take?

Nijar ba ta da kasuwar hannun jari tata ita kaɗai. Tana tarayya da ƙasashe bakwai na ƙungiyar UEMOA masu amfani da kuɗin sefa: Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Sunan kasuwar BRVM. Cibiyarta tana Abijan, ta fara aiki a watan Satumba na 1998, kuma tana da reshe a kowace ƙasa, har da Yamai.

Kamfanoni sama da arba'in ne ake cinikin hannayen jarinsu a can. Akwai na wayar sadarwa kamar Sonatel na Senegal da Onatel na Burkina Faso. Akwai na noman roba da man ja a Kodibuwa. Akwai bankuna da yawa, cikinsu har da BOA Niger wanda ya shiga kasuwar a 2003. Ban da hannun jari, ana sayar da takardun bashi, inda gwamnati ko kamfani ke karɓar rance daga jama'a na wasu shekaru.

Ba a shiga wannan kasuwa kai tsaye. Kamar yadda mai sayar da sa yake bi ta hannun dillali a kasuwar dabbobi, haka mai sayen hannun jari yake bi ta hannun kamfanin dillanci mai lasisi. Ana kiran irin waɗannan kamfanoni SGI. Hukumar da ke ba su lasisi tana sa musu ido ita ce AMF-UMOA, wadda kafin 2022 ake kira CREPMF.

Gasar takobi a taƙaice

An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché. Wanda ya lashe ta farko ɗan jahar Maradi ne, Yacouba Ango da aka fi sani da Kantu, kuma filin kokowa na birnin Maradi yana ɗauke da sunansa. Ana zagayawa da gasar daga jaha zuwa jaha. Kowace daga cikin jahohi takwas tana kawo ƴan kokowa goma, su tamanin ke nan. Wanda ya yi nasara yakan samu takobi da doki da rawani da kyautar kuɗi.

Darasi na farko: wanda aka kayar ya fita daga neman takobi

Wannan ita ce dokar da ta fi kowace nauyi a gasar. Ɗan kokowa yana iya kayar da mutum biyar a jere, amma ranar da aka kai shi ƙasa sau ɗaya, maganar takobi ta ƙare masa a wannan shekara. Kullum yawan waɗanda ba a kayar ba yana raguwa, har a zo kan mutum biyu. Shi ya sa gwanin ɗan kokowa yake fara tsare ƙafafunsa da ƙugunsa kafin ya nemi kai hari. Wanda ya afka da gaggawa don ya burge ƴan kallo, sau da yawa taɗiya ɗaya ce take gamawa da shi.

A harkar jari, kaye shi ne asarar da ba za ka iya tashi daga gare ta ba. Duba wannan lissafi. Kana da jaka ɗari, ka yi asarar rabi, saura jaka hamsin. Kafin ka koma inda ka faro, sai jaka hamsin ɗin nan ta ninka kanta. Faɗuwa tana da sauri, hawa kuwa yana cin shekaru.

Saboda haka akwai kuɗi iri huɗu da ba a kai su kasuwar hannun jari:

1. Kuɗin cimaka, watau abin da zai kai iyalinka daga rani har sabon hatsi ya fito.
2. Kuɗin iri da taki da abincin dabbobi na bazara.
3. Kuɗin ko-ta-kwana na rashin lafiya, haihuwa ko rasuwa.
4. Kuɗin bashi, da kuɗin amana na wani ko na ƙungiya.

Na huɗun ya fi kowanne haɗari, kuma maƙwabtanmu na Najeriya sun ga haka da idonsu. A 2007 da farkon 2008 farashin hannayen jari ya yi ta hawa a kasuwar Legas. Ma'aikata da ƴan kasuwa suka riƙa karɓar bashin banki suna saye. Daga watan Maris na 2008 kasuwar ta juya, cikin shekara ɗaya ta zubar da kimanin kashi 70 cikin ɗari na darajarta. Wanda ya saya da kuɗinsa ya ji ciwo, amma hannayen jarinsa suna nan, yana iya jira. Wanda ya saya da bashi kuwa an sayar da nasa a farashin ƙasa, ga sauran bashi yana binsa. Wasu har gidajensu suka rasa.

Mutanen Dakoro ba su bukatar a koya musu wannan. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun ɓata damanar 2004, hatsi ya yi tsada, dabbobi suka yi araha. Wanda ba shi da ajiya ya sayar da akuya uku ko huɗu don ya sayi abin da a da akuya ɗaya take saya. Matsi ne yake sa mutum ya sayar a mugun lokaci. Idan rumbunka yana da hatsi, babu farashin da zai tilasta maka.

Darasi na biyu: ba a fafe gora ranar tafiya

Babu ɗan kokowar da ya fara daga gasar ƙasa. Yakan fara da tsaransa a dandalin ƙauye, ya je ƙauyukan maƙwabta, ya yi gasar gunduma, sannan jaha ta zaɓe shi. Kafin gasa kuma ana killace su a yi musu horo na kwanaki.

Horon mai zuba jari shi ne ajiya da lissafi. Idan ba ka taɓa iya ajiye jaka biyu kowane wata har shekara ta zagayo ba, lokacin sayen hannun jari bai yi ba tukuna. Wuraren koyo suna kusa da kai. Akwai adashi. Akwai asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maradi a 1991, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako, su ba juna rance, su raba a ƙarshen zango. Akwai kiwon rago domin Babbar Salla. Akwai kuma tsarin ajiye hatsi ko wake a sito lokacin kaka, a karɓi rance a kansa, a sayar idan farashi ya tashi. Duk waɗannan suna koya wa mutum abu uku: jinkirta jin daɗi, rubuta shiga da fita, da cika alkawari.

Karatun da kake yi a ajin yaƙi da jahilci shi ma horo ne. Mai iya karanta lambobi ba a cika yi masa wayo a takarda ba. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka saya, ranar da ka saya, nawa ka biya, da dalilin da ya sa ka saya.

Darasi na uku: ka san abokin karawarka

Kafin a shiga fage, ɗan kokowa da mai horar da shi sun riga sun yi nazarin wanda za a kara da shi. Dogo ne ko gajere? Yana son kama ƙafa ne ko yana son ɗauka? Numfashinsa yana kai wa ƙarshen lokaci? Mai basira ba ya shiga da ka.

Kafin ka sayi hannun jarin kowane kamfani, ka nemi amsar waɗannan tambayoyi:

1. Me kamfanin yake sayarwa, kuma su wa suke saye?
2. Shekaru biyar da suka wuce, riba yake ci ko asara?
3. Yana raba riba kowace shekara? Nawa ya raba a kan hannu ɗaya?
4. Bashin da ake binsa yana da yawa?
5. Me zai iya karya shi? Kamfanin roba yana bin farashin roba na duniya. Banki yana shan wahala idan masu bashi suka kasa biya.

Dokar kasuwa ta tilasta wa kamfanonin da ke cikinta su buga sakamakon lissafinsu, saboda haka amsoshin ba ɓoyayyu ba ne. Da Faransanci ake buga su. Ka nemi dillalinka ya yi maka bayani da Hausa, ko ka tafi da wanda ka amince da shi mai jin harshen. Idan an yi bayani sau biyu ba ka gane yadda kamfanin yake samun kuɗi ba, ka bar shi. Ba ka sayen saniya a cikin duhu, sai ka duba haƙoranta da tafiyarta.

Darasi na huɗu: jaha ba ta tura mutum ɗaya

Jahar Maradi tana da gwanaye, amma goma take kaiwa. Wani zai faɗi ranar farko, wani zai ji rauni, wani wanda ba a zata ba shi zai kai nesa. Da mutum ɗaya aka dogara da shi, da ranar da ya zame an gama.

Makiyayan arewacin Dakoro sun daɗe da wannan hikima. Suna haɗa shanu da tumaki da awaki da raƙuma. A farin 2010 shanu sun mutu da yawa saboda rashin ciyawa, amma akuya da raƙumi masu cin ganyen itace sun fi jurewa. Manomi ma yana haɗa gero da wake a gona ɗaya.

Ka yi haka da jarinka. Mataki na farko, hannun jari ya zama wani ɓangare ne kawai na dukiyarka, bayan gona da dabba da ajiya. Mataki na biyu, abin da ka ware kada ya tafi ga kamfani ɗaya, kuma kada ya tafi ga sana'a iri ɗaya. Wanda ya sayi bankuna uku bai rarraba sosai ba, domin abin da ya taɓa banki ɗaya yakan taɓa sauran.

Mai ƙaramin ƙarfi yana iya shiga asusun tarayya da ake kira FCP. A nan ana tara kuɗin mutane da yawa, ƙwararru su saya musu hannayen jari da takardun bashi iri-iri, kowa yana da kasonsa. Ana cire ladan masu kula da asusun kowace shekara, saboda haka ka tambayi nawa ne. Ka tabbata kuma asusun yana da izinin hukuma.

Ka sani har takardun bashin gwamnati, waɗanda ake ganin sun fi kwanciyar hankali, ba su kuɓuta daga haɗari ba. Bayan takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023, biyan masu riƙe da takardun bashinta ya tsaya na watanni, sai a 2024 aka koma biya.

Darasi na biyar: haƙuri a cikin fage

Ka lura da manyan ƴan kokowa idan sun haɗu. Sukan daɗe suna zagaya juna, suna taɓa hannu, suna ɗibar ƙasa. Ƴan kallo suna ihu a kama, su kuwa suna jiran dama. Mai gajen haƙuri shi yake fara buɗe kansa.

Kasuwar BRVM ta gwada haƙurin mutane. Daga 2012 zuwa 2015 ma'aunin farashinta ya yi ta hawa. Daga 2016 zuwa 2020 kuma ya sauka shekara biyar a jere, mafi muni a 2018 inda ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da yawa suka gaji suka sayar da asara. A 2021 sai ma'aunin ya tashi da kusan kashi 39 cikin ɗari a shekara ɗaya. A duk tsawon shekarun saukar nan, kamfanoni masu ƙarfi ba su daina raba riba ba. Wanda ya riƙe nasa ya ci rabon, ya kuma ga dawowar farashi.

Wannan bai nuna cewa duk abin da ya faɗi zai tashi ba. Akwai kamfanin da yake faɗuwa saboda ya lalace. Idan farashi ya sauka, ka koma ga tambayoyin darasi na uku. In kamfanin yana nan yana ciniki yana cin riba, saukar farashi ba dalilin gudu ba ce. In kuwa ya shekara biyu ko uku yana asara, bashi yana ƙaruwa, to ka sake shawara.

Kuɗin da za ka bukata kafin shekara biyar bai dace da hannun jari ba. Wata dabara mai sauƙi ita ce saye kaɗan-kaɗan a kan lokaci, misali kowace kaka bayan ka sayar da wake. Wata shekara za ka saya da tsada, wata da araha, tsakaninsu ya daidaita.

Darasi na shida: kirari ba ya kayar da kowa

Makaɗa da maroƙa suna ƙawata kokowa. Suna zuga ɗan wasa har ya ji babu kamarsa. Amma aikinsu ke nan, kuma suna samun kyauta ko ya yi kaye ko an kayar da shi. Idan aka busa usur, shi kaɗai ne a cikin da'ira.

Kasuwa ma tana da maroƙanta. Za ka ji ana cewa wane ya sayi kaza ya yi arziki, ka yi sauri kada a bar ka. Lokacin da kowa yake yabon wani hannun jari, yawanci farashinsa ya riga ya hau, kamar rago ana jibi Salla. Lokacin da kowa yake gudu kuma, yakan faɗi ƙasa da ƙimarsa, kamar dabba a ƙarshen bazara. Duk mai ba ka shawara, ka tambayi kanka: me zai samu idan na saya?

Nasarar jiya ma ba ta lamunce ta gobe. Kadri Abdou na jahar Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a watan Disamba na 2023. Duk da haka akwai shekarun da shi ma ya koma gida ba takobi. Kamfanin da ya fi kowa riba bara yana iya zama na baya bana.

Darasi na bakwai: kada ka yi wasa inda babu alƙali

A gasar ƙasa akwai da'ira, akwai alƙalan wasa, akwai lokaci, akwai kamun da aka hana. Idan an yi gardama akwai inda ake kai ƙara. Kokowar da aka yi a bayan gari ba shaida, duk wanda aka karya ya karyu a banza.

BRVM tana da dokoki. Misali, farashin hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi bakwai da rabi cikin ɗari a rana ɗaya. Ana rubuta hannayen jarinka da sunanka a asusu, kuma dillali yana ba ka takardar shaida. Waɗannan dokoki ba su hana asara, amma suna rage zamba.

A wajen wannan da'ira akwai masu damfara da suke aron sunan zuba jari. A Najeriya wani tsari mai suna MMM ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata, ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016. Wani mai suna CBEX ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ya rushe a watan Afrilu na 2025. Dabararsu ɗaya ce: suna biyan na farko da kuɗin na baya, har ranar da sababbi suka daina zuwa. Ga alamominsu:

1. Alkawarin riba mai yawa, tabbatacciya, cikin kwanaki ko makonni.
2. Ana ba ka lada idan ka kawo wasu.
3. Ana matsa maka ka biya yau.
4. Ana so ka tura kuɗi zuwa lambar wayar wani mutum.
5. Ba su iya nuna lasisin AMF-UMOA.

Idan ka ga ko da biyu daga cikin waɗannan, ka riƙe kuɗinka, ka kuma gargaɗi maƙwabtanka. Sau da yawa wanda zai kawo maka maganar ɗan'uwa ne ko aboki da shi ma aka yaudara. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Inda kokowa da jari suka bambanta

A kokowa sai an kayar da wani kafin wani ya yi nasara, kuma takobi ɗaya ne. A hannun jari ba ka bukatar ka fi kowa. Idan kamfani ya yi aiki ya ci riba, duk masu shi suna amfana tare. Saboda haka kada ka auna kanka da maƙwabcinka. Ka auna kanka da bukatarka, ko karatun yara ne, ko tanadin tsufa.

Ƙarfin ɗan kokowa yana raguwa da shekaru. Jari kuwa shekaru ne suke ƙara masa ƙarfi, musamman idan ana mayar da ribar cikinsa, kamar garken da ba a sayar da ƴan maruƙansa mata.

Akwai kuma maganar addini. Malamai da yawa sun halatta mallakar kashi a kamfanin da sana'arsa halal ce, tun da ana tarayya a riba da asara. Amma a kasuwar akwai kamfanin giya, akwai bankuna da takardun bashi masu kuɗin ruwa. Tun 2016 ana cinikin takardun sukuk a BRVM, waɗanda aka tsara bisa ƙa'idojin Musulunci. Ka gaya wa dillali abin da ba ka so, ka kuma nemi fatawar malamin da ya fahimci harkar.

Matakan shiga

1. Ka tabbatar cimaka da kuɗin ko-ta-kwana suna nan, kuma ba a bin ka bashi mai nauyi.
2. Ka yi shawara da iyalinka.
3. Ka nemi jerin kamfanonin SGI masu lasisi daga reshen BRVM na Yamai, ko ka tambaya a bankinka a Dakoro ko Maradi.
4. Ka tanadi katin shaidar ɗan ƙasa da hotuna. Ka tambayi mafi ƙarancin kuɗin buɗe asusu.
5. Ka sa a rubuta maka duk abin da za a cire: ladan saye, ladan sayarwa, kuɗin ajiyar asusu, da harajin riba.
6. Ka fara da kaɗan. Ka karɓi takardar shaida a kan kowane ciniki.
7. Ka adana takardun, ka sanar da magadanka inda suke, domin hannun jari dukiya ce da ake gado.

Misali na lissafi

Lambobin nan na koyo ne kawai. A ce ka sayi hannu 20, kowanne sefa 2,500. Ka biya sefa 50,000, ban da ladan dillali. A shekara kamfani ya raba sefa 200 a kan kowane hannu. Rabonka 20 sau 200, watau sefa 4,000, kashi 8 cikin ɗari na abin da ka zuba. Idan farashi ya sauka zuwa 2,000, jarinka ya koma 40,000 a takarda. Ka sayar a ranar, ka yi asarar 10,000. Idan ya hau zuwa 3,000, jarinka ya zama 60,000.

Ka kwatanta wannan da abin da jaka hamsin za ta kawo maka a kiwon rago ko ajiyar wake, ka cire kuɗin dusa da magani da wahala da haɗarin mutuwa ko sata. Ga mutane da yawa a karkara, sana'ar da suka sani za ta fi amfani a farko. Hannun jari yana da nasa alheri: ba ya cin ciyawa, fari a Tagriss ba ya kashe shi, kuma ana iya sayar da kaɗan a bar saura. Idan lissafinka ya nuna lokaci bai yi ba, ka ci gaba da ajiya da karatu har ka shirya.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne kuɗi ne a gidanku bai kamata a taɓa su ba ko da an yi alkawarin riba mai yawa?
2. Ka taɓa sayar da dabba ko hatsi da araha saboda matsi? Me zai hana haka nan gaba?
3. Wani ya saya da jaka tamanin, farashi ya faɗi da rabi. Nawa ya rage masa? Sau nawa abin da ya rage zai ninka kafin ya koma daidai?
4. An taɓa kawo muku tsarin ninka kuɗi a ƙauyenku? Waɗanne alamomi kuka gani?
5. Wace tambaya za ka fara yi wa dillali ranar da ka je ofishinsa?